Sayar da Kaya ta Waya Daga Jos: Yadda Ake Farawa Ba Tare da An Cinye Uwar Kuɗi Ba

A shekarar 2012 Jumia da Konga, shagunan sayar da kaya ta intanet, suka buɗe a Legas. A wancan lokaci, in ka ce wa ɗan kasuwar Terminus da ke Jos ya saki kayansa ga wanda bai taɓa gani ba, ko ka ce wa uwargida ta tura kuɗi a kan hoton atamfa, dariya za su yi maka. Abu uku ne suka karya wannan tsoro. Wayar Android ta yi araha har ta shiga hannun mai shayi. Sai kullen korona na 2020, da ya rufe Abuja da Legas tun ƙarshen watan Maris, mutane suka koyi cefane daga ɗaki. Na ukun ya fi su duka tasiri: canjin kuɗi na farkon 2023, lokacin da takardar naira ta yi ɓatan dabo, har mai ƙosai sai da ta buɗe asusun OPay ko Moniepoint a kan dole. Daga baya kuɗi ya dawo hannun jama'a, amma tiransifa ta riga ta zauna daram.

Yanzu Hajiya tana zaune a Gwarinpa ta Abuja za ta yi odar dankali daga Jos ta WhatsApp, gobe da la'asar yana kicin ɗinta. Ga mutumin Jos wannan ba ƙaramar dama ba ce, tunda tun gobarar babbar kasuwa ta 2002 samun shago a tsakiyar gari ya zama aiki, kuma akwai matan aure da yawa da ke da sana'a amma ba sa zaman kasuwa.

Sai dai ɗora hoto aikin minti biyar ne, kowa ya iya. Inda ciniki ke rayuwa ko ya mutu shi ne tsakanin “na tura kuɗin” da “kaya sun iso lafiya”. A nan za mu fi daɗewa.

Da farko, me za ka sayar?

Kada ka fara da abin da kowa ke sayarwa. Caja, agogon roba, gilashin ido, jakar China: tun da Temu, manhajar sayen kayan China ta intanet, ta shigo Najeriya a ƙarshen 2024, kwastoma na iya ganin irin waɗannan a farashin da kai ko sari ba za ka samu ba. Mai ƙaramin jari ba ya jayayya da su a wannan fage.

Ka duba abin da Jos ke da shi wanda mutumin Abuja, Kano ko Fatakwal ke marmari. Dankalin Turawa na Bokkos da Mangu. Kabeji, karas, latas, koren wake da koren tattasai na kasuwar Farin Gada. Acca. Zuma. Sitiroberi a lokacin sanyi. Rigunan sanyi na gwanjo. In kuma hannunki ya iya turaren wuta, humra, dambun nama ko yajin daddawa, to ke ma kina da haja.

Daga nan sai ka yi wa kayan tambaya ɗaya: za su jure hanya? Acca da yaji sai su yi sati a tasha ba abin da ya same su. Dankali yana jure kwana biyu ko uku in ya samu iska. Latas da sitiroberi kuwa, da zarar mota ta gangara Hawan Kibo ta shiga zafin Akwanga sun fara laushi. Ni shawarata, sabon shiga ya fara da abin da ba ya ruɓewa, in hannunsa ya faɗa sai ya taɓa kayan gwari. Kuma ka sani, abinci ko man shafawa ko maganin gargajiya da aka ƙulle a mazubi aka liƙa masa suna yana bukatar lambar NAFDAC kafin ya shiga kasuwa sosai.

Lissafi kafin talla

Nan ne mafi yawan sababbi ke faɗuwa, kuma ba sa ganewa sai bayan wata biyu, in sun nemi jari sun rasa.

Ga misali kawai, ba farashin kasuwa ba. A ce ka sari kaya a kan naira 20,000, ka sayar 25,000, kana murna ka ci 5,000. To zauna ka lissafa: Keke zuwa kasuwa da dawowa 1,000, ɗan dako 300, buhu da igiya 500, data da kira 500, kuɗin mota zuwa Abuja 4,000 domin ka ce wa kwastoma “har da kaiwa”. Ka kashe 26,300. Wato ka yi wahala, ka kuma cika 1,300 daga aljihunka.

Saboda haka ka raba farashi gida biyu tun daga farko: kuɗin kaya daban, kuɗin kaiwa daban. Kuɗin mota ba ya tsayawa wuri guda tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, don haka kada ka yi alkawarinsa da ka. Kira tasha ka ji na ranar. In kayan gwari ne, ka ɗora wani abu na asara a kan kowace oda, domin akwai ranar da za ka biya wani kuɗinsa.

Layi da asusu

Wannan gajere ne. Sayi layi na kasuwanci daban, ka sauke WhatsApp Business, kyauta ne. Yana da wurin jera kaya da farashi, da amsoshin da ake ajiyewa a tura da taɓawa ɗaya, da alamomin da za ka raba wanda ya biya da wanda bai biya ba. Ka kunna makullin mataki biyu, wato ƙarin lambar sirri da ke kare WhatsApp ɗinka, a ranar farko. Duk wanda ya kira ka ya ce ka karanto masa lambobi shida da suka shigo wayarka, ko da ya ce daga ƙungiyar 'yan kasuwa yake ko daga banki, ɓarawo ne. In ya ƙwace WhatsApp ɗin, kwastomominka zai bi da sunanka yana karɓar kuɗi.

Asusun banki ma na kasuwa daban, ban da na cefanen gida. Ka haɗa shi da BVN da NIN ka ɗaga matakinsa, domin asusun matakin farko yana da iyakar abin da zai karɓa, kuma abin kunya ne kwastoma ya tura kuɗi ya dawo masa. Sunan da ke kan asusun ya dace da sunan da aka san ka da shi. Mai saye da ya ga ana tallar “Turaren Maman Hanifa” amma asusu ya fito da sunan wani namiji daban, gabansa zai faɗi, kuma yana da gaskiya. In na maigida ne ko na ƙane, a faɗa tun kafin a tambaya. Idan harka ta kankama, rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, tana ba ka damar buɗe asusu da sunan sana'ar kanta, kuma ta intanet ake yin ta.

Hoto, da inda za a ɗora shi

Ka ɗauki hoton kayanka da kanka, da hasken safe, a bakin taga ko a inuwar tsakar gida. Kada ka ɗauko hoton wani daga Instagram, kada ka ƙara wa launi armashi. Shaddar da ta fito shuɗi mai haske a waya ta iso shuɗi mai duhu, rigima ce ka saya da kuɗinka. In dankali ne, ka ɗora guda uku a tafin hannu a ga girmansu, ka kuma zazzage buhun a bidiyo a ga na ƙasa, tunda kowa ya san halin kasuwa na jera manya a sama. Ka faɗi ma'auni ƙarara. Mudun Jos da na wani gari ba lallai su zo ɗaya ba, bokitin fenti ma akwai tsohon da aka bubbuge. Ƙaramin sikeli ya raba gardama.

Ka rubuta farashi a jikin hoton. Wannan al'ada ta “shigo ciki mu yi magana” tana korar masu saye na gaske, ta bar ka da masu tayi don nishaɗi.

Wajen ɗorawa kuwa, kowane dandali da halinsa. Sitatus na WhatsApp shi ne ya fi kawo ciniki ga mai farawa, amma ba mai ganinsa sai wanda ya ajiye lambarka kai ma ka ajiye tasa, kuma bayan awa 24 ya ɓace. Don haka duk wanda ya yi maka magana, ka ajiye shi, ka roƙe shi ya ajiye ka. Facebook, Instagram da TikTok su ke kawo baƙin ido. Jiji allon talla ne kawai: yana haɗa ka da mai saye, amma ciniki da kuɗi da kaiwa tsakaninku ne. Jumia da Konga suna da tsari, su karɓi kuɗi, su kai kaya, su cire kamashonsu, sai daga baya su biya ka. Suna da kyau ga mai kaya iri ɗaya masu yawa, wanda zai iya jiran kuɗinsa. Mai jarin da ke juyawa kullum ya dakata tukuna.

Ciniki da karɓar kuɗi

Da an daidaita, ka rubuta komai a saƙo ɗaya: kaya kaza, adadi kaza, kuɗin kaya, kuɗin mota, ranar tashi, inda za a sauke, da lambar wanda zai karɓa. Ka ce, “Hajiya, ki duba in haka ne ki amsa min.” Ko da ta murya kuka yi ciniki, wannan saƙon a rubuce yake zama, domin shi za a koma wa ranar da aka ce “ai ba haka muka yi ba”.

Sai batun wa zai fara saki. Mai saye na tsoron ya biya a toshe shi, mai sayarwa na tsoron ya tura a ƙi karɓa. Manyan kamfanoni sun jawo mutane ne da tsarin biya in kaya sun iso, amma su suna da ƙarfin ɗaukar asarar wanda ya fasa. Kai ba ka da shi. Buhun kabeji da ya isa Nyanya a Abuja aka kashe waya, ya zama na awaki. Abin da ya fi adalci ga baƙon kwastoma: ya biya kuɗin mota duka da rabin kuɗin kaya, ya cika in ya gani. Kayan gwari kuma, biya duka kafin a ɗaure. In ya yi ɗari-ɗari, kada ka ji haushi. Yi masa kiran bidiyo ya ga fuskarka da kayan, ko ka ce ya fara gwada ƙaramar oda.

Yanzu ga dokar da ba ta da togiya: risit ba kuɗi ba ne, saƙon alat ma ba kuɗi ba ne. Kuɗi shi ne ka buɗe manhajar bankinka ka ga jimillar ta ƙaru.

Ga yadda abin ke faruwa. Gab da magariba, lokacin da hankali ya rabu, sai wani da ya yi ta kiranki “Hajiyata” tun rana ya turo hoton risit mai tambari da komai, har da sunanki daidai. Minti biyu sai kira: “Ranki ya daɗe, na tura, matsalar sabis ce. Ga yarona nan a ƙofar gida da Keke, ki taimaka ki ba shi, tafiya zan yi da asuba.” Ga mai Keke yana ta danna ham. Duk gaggawar nan shiryayya ce, so ake kunya ta hana ki dubawa. Amsar ita ce, cikin ladabi: “To Alhaji, Allah ya saka da alheri. Da ya sauka a wajena yaron zai wuce da su.” Mai gaskiya zai jira, ko ya kira bankinsa. Ɗan damfara zai fara faɗa, ya ce an raina shi, sannan ya ɓace.

Akwai kuma mai cewa ya yi kuskure ya tura 150,000 maimakon 15,000, a taimaka a mayar masa da ragowar. Duba asusu. In babu, ka gane. In kuwa da gaske kuɗin ya shigo, kada ka tura shi wani asusu daban da ya ba ka. Ka sanar da bankinka, a mayar ta inda ya fito, domin wani lokaci kuɗin sata ne ake son wankewa ta hannunka, kuma asusunka za a rufe in bincike ya biyo.

Ɗauri da tasha

Dankali ba a wanke shi, ba a sa shi a leda. Buhu mai shan iska, a cire duk wanda ya ji rauni domin ɗaya ke ruɓar da sauran. Latas da koren wake a kwali mai huji, a shimfiɗa takarda, a tsinko su da yamma ko da sassafe. Zuma da man shanu a jarka mai murfi biyu, a naɗe bakin da leda, a bi da salatif, sannan a juya ta ƙasa a gani ko tana ɗiga. Kwalaben humra kowace a naɗe ta daban, a cusa tsumma ko takarda har sai in ka girgiza kwalin ba ka ji motsi ba. Da damina, wadda a Jos ba ta wasa, duk abin da ba kayan gwari ba a sa masa leda daga ciki. Ka ɗauki bidiyo kana ɗaurewa, ka tura wa mai kaya.

Ƙananan kaya masu tsada, kamar waya ko leshi, sun fi dacewa da kamfanonin kai saƙo irin su GIG Logistics: za su auna, su ba ka takarda da lambar da za a bi sawun kayan. Sun fi tsada, amma akwai ofishin da za ka koma. Kaya masu nauyi da na gwari kuwa, motar haya ce gatansu.

Ka je tasha bayan sallar asuba, ka samu motar farko. Motar da ta tashi da rana za ta shiga cunkoson Mararraba da dare, kwastomarka kuma ba za ta fito ba. Kada ka miƙa wa duk wanda ya tare ka a bakin ƙofa yana “kawo, kawo, ina za shi?” Ka wuce wurin 'yan yuniyon, a rubuta kayan a littafi in suna da shi, a nuna maka direban da ke kan layi. Ka rubuta sunan mai karɓa da lambarsa da taka a jikin buhun da alƙalamin maka mai kauri, ba a 'yar takardar da za ta faɗi ba. Sannan ka gaisa da direba sosai.

“Baba direba, ina za ka sauke?”

Wannan tambaya ta fi kowace muhimmanci, domin Abuja ba wuri ɗaya ba ce. Motar da ta bi Akwanga da Keffi ta Mararraba da Nyanya take shiga. Wani direban a nan zai juya, wani ya ƙarasa Jabi ko Utako. In kwastomarka tana Kubwa, Lugbe ko Gwagwalada, kuɗin da za ta kashe ta je Nyanya zai iya kai kuɗin motar daga Jos. A san wannan tun kafin a yi lodi, a gaya mata, ta yarda ko ta shirya ɗan aike mai babur ya karɓo mata.

Ka karɓi lambar direba, ka kira ta nan take kana tsaye ka ji ta yi ƙara a aljihunsa. Ka ɗauki hoton lambar motar. Ka tsaya ka ga inda aka sa kayan: kada kwalin latas ya shiga ƙarƙashin buhun masara, kada acca ta kwanta kusa da jarkar fetur. In ka biya kuɗin mota, ka faɗa a gaban direban, ka kuma rubuta wa mai karɓa “an biya”, don kada a karɓa sau biyu. Sai ka tura mata hoton mota, lambar direba da lokacin tashi. Jos zuwa Abuja tafiyar awa huɗu zuwa biyar ce in hanya ta yi kyau. Wajen azahar ka kira direba ka ji inda yake. In ka dace da direba mai amana, riƙe shi da kyau, ka riƙa yi masa ɗan alheri. Rabin sana'arka a hannunsa take.

Cikin garin Jos kuwa, tunda an daɗe da hana acaɓa, Keke ne abin aike. Ka samu mai Keke ɗaya ko biyu da ka san gidajensu. Kuma mu da ke garin nan mun san yanayinsa: ba a tura yaro unguwar da bai sani ba da dare, kuma ranar da gari ya ɗan yi zafi ko aka sa dokar hana fita, a ɗage aike, a ba kwastoma haƙuri. Baƙon mai saye a haɗu da shi a fili, irin su Terminus ko mahaɗar British-America, da rana. Mace mai sana'a a gida ba dole ne ta ba kowa kwatancen gidanta ba.

In an samu matsala

Za a samu. Mota za ta lalace a garin Forest da ke kan hanya, kaya su kwana. Kwalba za ta fashe. Abin da kwastoma ba ya yafewa shi ne shiru. Kai ka fara kira, kafin shi ya kira: “Alhaji, motar ta samu matsala a hanya, ga lambar direba, ga abin da ake ciki.”

In kaya sun iso da aibi, ka nemi hoto ko bidiyo a ranar, ka gwada da naka na lokacin ɗauri. In laifin daga wajenka ne ko daga hanya, ka ba da zaɓi: a canza, a rage kuɗi, ko a mayar. Rubuta “ba a dawo da kaya” a shafinka ba ya kare ka. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta ba mai saye damar mayar da kayan da suka zo da lahani ko suka saɓa da abin da aka tallata masa. Wanda kuma ya ce kawai launin ne bai yi masa ba alhali shi ya zaɓa, wannan sai dai sulhu, kuma kuɗin motar dawowa a kansa yake. Ka faɗi wannan sharaɗi tun ranar ciniki.

Kada ka yi cacar baki da kwastoma a bainar jama'a, kada ka ɗora hotonsa ko hirarku don ka tona shi. Masu kallo ba sa bin diddigin wa ke da gaskiya, faɗan kawai suke tunawa. In za ka nuna yabon da wani ya yi wa kayanka, ka nemi izininsa, ka rufe suna da lamba.

Sai littafi. Kowace oda layi ɗaya: rana, suna, kaya, abin da ka kashe, abin da aka biya, direban da ya ɗauka. Ƙarshen wata shi zai nuna maka wane kaya ke kawo riba, wane ne ke cin ta, da kwastomomin da suka dawo karo na biyu. Waɗannan su za ka fara sanar wa in sabon dankali ya shigo ko acca ta sauko. Gabanin Sallah da Kirsimeti kuma ka sa ranar rufe karɓar oda, aƙalla kwana huɗu kafin bikin, domin a satin nan kuɗin mota yana tashi, but ɗin kowace mota cike yake da kayan fasinja, direbobi kuma ba sa waiwayar saƙo.